Kwabo a Kan Allura

Madam Odil ta kawo garmahonta gyara
wata Laraba, ana yayyafi,
ta ce sai bayan hutu.
Hutu ya ƙare, shekara ta juyo,
aka ce ta bar Samaru, ta koma garinsu.
Garmaho ya zauna a shagon Baba, a Sabon Gari,
tsakanin matattun rediyoyi da gwangwanin dalma,
da faifai guda kwance a cikinsa
kamar takalmin da baƙo ya manta a zaure.

A jikin kwalin, samari biyar,
gashi har kafaɗa, ba mai murmushi,
tsaye gaban wani kwalekwale
da aka ɗora bisa rufin gida.

Baba Jatau ba ya jin Faransanci,
Turancin ma na ciniki ne.
Ya hure allura, ya gyara zama a benci,
ya ce, "Bari mu ji abin da ya hana su aski."

Waƙar farko ta ci minti goma sha bakwai.
Sarewa ce ta fara, siririya, tana lalube,
sai garayar lantarki ta auka mata,
sai ganguna.
Baba na ƙirga da yatsa a gwiwa,
ɗaya har bakwai, ya koma, ya sake.
"Kiɗan nan ɗingishi yake," in ji shi,
"amma gurgun ya san inda za shi."
Jirgin Kano ya wuce, kwanon rufi ya ɗauki rawa,
ba mu gane inda faifan ya tsaya ba
da inda layin dogo ya karɓa.

Harisu, ɗalibi ɗan Maraɗi,
shi ya karanta mana bayan kwalin.
Na farinsu ne, ya ce, ba su taɓa yin wani ba,
kuma ba waƙoƙi ne barkatai ba,
labari ɗaya ne daga wannan fuska zuwa waccan:
wani kafinta a garin da ba kogi
yana sassaƙa jirgi, gari na dariya.
Baba ya ce, "Ai mun san wannan."
Harisu ya ce a'a, wannan kafinta ne kawai,
ba wanda ya yi masa alkawarin ruwa.
Baba ya yi shiru.
Shekara tara ke nan yana harhaɗa wata na'ura a ƙuryar shago
wadda bai taɓa gaya mana aikinta ba.

Matar kafinta ta tafi a waƙa ta uku.
A ta biyar hadari ya haɗo.
A ta shida akwai tsaga,
ƙaramar tsaga, kamar kaushin dunduniya.
In allura ta iso nan sai ta yi tsalle ta koma,
mawaƙin ya maƙale a kalma ɗaya.
Harisu ya ce ma'anarta gobe.
Gobe. Gobe. Gobe.

Baba ya ɗora kwabo a kan allura.
Ya ƙara wani.
Ya goge tsagar da auduga da man keke.
Gobe dai.
Da ya so, da ya ɗaga hannun ya tsallake wurin,
sai ya ce ba a shiga gida ta katanga.

Yanzu shagon na masu sayar da waya ne.
Baba na kwance, shekara goma sha ɗaya.
Na'urarsa na ɗakina cikin buhu, ban kwance ba.
Ɗiyata Lantana ta ɗauki hoton kwalin jiya,
ta ce minti ɗaya ya isa ta nemo mini ƙarshen,
ko ruwan ya zo, ko bai zo ba.

Na ce ta bari tukuna.
Kubanni ta cika bana har ta taɓa gada,
kwabban nan biyu kuma suna nan inda ya bar su.
Na ce mata gobe.